Ruwan Lagireto a Gindin Zogale

Wata biyar bayan rasuwar maiɗakina allurar zafin motata ta fara hawa. Na gan ta, ban damu ba. A kwanakin nan babu abin da ke damuna. Ko yunwa, sai na ga hannuna yana rawa a kan sitiyari nake tuna cewa ban karya kumallo ba. Mutane suna ta yaba mini, wai ga namiji mai tawakkali. Ni kuwa na san ba tawakkali ba ne. Jikina ne kawai ya mutu kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kuma ban ga dalilin da zai sa in gyara musu zance ba.

Motar a-kori-kura ce, fara, ta tsufa tun kafin ta zo hannuna. Da ita nake ɗauko albasa da tumatir da kankana daga lambunan Samnu da Zighan in kawo kasuwar Sabha, garin da nake ci-rani can ƙetaren hamada. Shekara tara ina kan wannan hanya, har na san kowane rami da inda kwalta ta ɓare. A shekara ta uku na je gida na ɗauko maiɗakina da 'yarmu, muka kama hayar wani gida mai ɗaki biyu da tsakar gida ta siminti. Yana da ƙofa babba da mota ke shiga, da wata 'yar ƙaramar ƙofa ta baya da ni ban cika bi ba.

Ranar da ta iso ta dubi tsakar gidan sama da ƙasa, ta ce, "Wanga gida ko ciyawa babu?" Ashe tun daga garinmu ta ƙullo irin zogale a bakin zanenta. Ta sa na yanka wata tsohuwar ganga biyu, na huda gindinta, na ɗauko mata ƙasa da takin awaki daga Samnu har buhu uku. Ina yi ina mata dariya. Na ce zogalen da a gida ko a bola tsirowa yake, shi za a yi wa hidimar amarya? Ta ce in ba na son kwaɗo in bar mata kayanta. Ya tsiro, ya miƙe. Ta riƙa sare kansa don kada ya wuce tsayin mutum. In sanyi ya shigo, da yake sanyin Sabha ba shi da kunya, sai ta naɗe shi da buhu da tsohon bargo, in ganyen ya zube ta ce barci yake yi. Gangar tana can lungu, dab da ƙaramar ƙofa.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ita cikin sanyi. Kwana shida. An yi abin da za a iya yi, Allah ya karɓi abarsa, muka binne ta a nan Sabha. Bayan sadakar arba'in na haɗa yarinyar da wata 'yar garinmu da za ta koma, aka kai ta wajen kakarta ta wajen uwa. Shekararta goma. Ranar tafiya ta tsaya gaban gangar, lokacin zogalen ya fara tohowa, ta ce, "Baba, in 'ya'yanshi sun bushe ina son iri. Na Mama nike so." A ƙauyenmu zogale ya fi kaji yawa, kowace danga da nata, amma na gane abin da take nufi. Na ce mata in sun bushe ba zan ba kowa saƙo ba, ni da kaina zan kawo.

Tun daga nan duk Juma'a in na kira wayar kawunta aka miƙa mata, gaisuwa biyu sai ta tambayi zogale. Ni kuma in ba ta labari: ya yi fure, furen ya zube, 'ya'ya sun fito siri-siri, sun kai kaurin yatsa. Shi ne kaɗai zancen da muke da shi. Shi ne kuma kaɗai aikin da nake yi da niyya, sauran duk hannu ne ke yi. Ruwan alwala, ruwan wanke shinkafa, ruwan ɗaurayar kwano, duk gindinsa nake kaiwa. Mu da muka tashi muna jan guga a rijiya mai gaba ashirin ba mu iya zubar da ruwa a ƙasa ba, a Sabha kuma in wuta ta ɗauke, famfo ma bin ta yake. Ruwa in ya gama aiki ɗaya sai a nemo masa na biyu. Haka na ga uwata tana yi, haka na ga maiɗakina tana yi.

Wata Alhamis, ina tahowa da albasa ta wajen Wadi Bawanis, allurar ta kai bakin ja. Na tsaya gefen hanya na kashe inji, na zauna a inuwar motar har ta huce. Ban ji haushi ba, ban ji tsoro ba, ina dai kallon tururuwa. Da na iso gari na sauke kaya, na biya shagon kayan mota na sayi jarka biyu ta koren ruwan nan da ake zuba wa lagireto don sanyaya inji.

Mu mutanen Nijar radiyater muke cewa, amma bakin 'yan Kano ya fi namu kauri a garejojin Sabha, har na bi nasu. Duk shekara kafin zafi ya kankama nakan canza masa ruwa da kaina a gida. Ba a zuba masa ruwan famfo a garin nan. Wanda bai yarda ba ya leƙa cikin butar shayinsa ya ga farin gishirin da ya kama, to haka yake yi wa hanyoyin inji har ya toshe su. A bana lokacin ya zo ya wuce ban yi ba. Ba mantawa na yi ba, na tuna sarai, na dai ƙi tashi.

Safiyar Juma'a, kafin rana ta shigo tsakar gida, na ɗaga bonet. Inji ya kwana a kashe, ya yi sanyi ƙalau, don wannan aiki ba a yin sa da zafi sai mai son ya dafa fuskarsa. Na murɗe murfin lagireto na leƙa. Ruwan da na zuba bara kore shar, yanzu ya koma ja-ja, ga wata dauɗa ta kama bakin. Na shimfiɗa buhu a ƙasa, na ɗauko bahon wankin maiɗakina, shuɗi, mai tsage a baki, na tura shi ƙarƙashin motar, ni ma na bi shi a rigingine.

A gindin lagireto akwai wani ɗan famfo na roba mai kunne biyu, shi ake murɗewa ruwa ya sauka. Ya ƙi hannu. Na sa filaya a hankali, domin in ya karye an shiga uku, sai ga shi ya saki. Ruwan ya fara ɗiga, sannan ya zama zare. Tsatsa ta toshe rabin hanyar. Na ga in na biye masa sai a sauko daga masallaci ina kwance, sai na kwance zoben da ya ɗaure tiyon ƙasa, na girgiza tiyon na zare. Ya kwararo gaba ɗaya, rabi a baho, rabi ya bi hannun rigata har hammata.

Shekarun baya a daidai nan nake jin dariyarta. Ba ta taɓa barina in yi wannan aiki ni kaɗai ba. Takan tsaya gefen motar, ni kuma daga ƙasa ba na ganin komai sai ƙafafunta cikin silifas. Tana miƙo mini abin da na nema, tana tsokanata, wai ga makaniken da bai taɓa zuwa gareji ba. In baho ya cika sai in ga hannu ya sauko ya janye shi, ƙafafu su juya su nufi lungun ganga, bayan wani ɗan lokaci baho ya dawo babu komai. Ranar na kwanta ina kallon wurin da take tsayawa. Siminti ne kawai da sawun taya. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba, sai ma na lura akwai inda mai ke ɗiga kusa da giya, na ce wannan sai wani satin.

Na fito na janyo bahon. Ruwa ne kamar na tafki a ƙarshen damina, yana wani ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ranar ban riga na ba zogale ruwa ba. In na ce na tsaya na yi tunani na yanke shawara, na yi ƙarya. Na ɗauki baho, ƙafafuna suka bi inda na saba ganin nata suna bi, na juye shi a cikin ganga. Ƙasar ta shanye nan da nan.

Ina dawowa sai ga maƙwabcina ya leƙo ta babbar ƙofa da buroshi a baki. Bakano ne, mai walda, ya ce ya taɓa zaman gareji kafin ya bar gida, kuma tun da na san shi bai taɓa wuce bonet a buɗe bai sa baki ba.

"Sannu da aiki, mutumin Nijar. Yau tiyata ake yi wa tsohuwa?"

Na ce ruwa nake canzawa.

Ya lakato bakin lagireton da yatsa ya duba. "Kai, malam! Wannan ai miyar taushe ce. In ka zuba sabo a kan wannan dattin, ka yi wanka ka mayar da tsohuwar riga. Wanke shi za ka yi. Ka mayar da tiyo, ka cika shi da ruwa, ka sa garin sabulu cokali biyu, ka tayar da inji ya ɗau zafi, ka kashe, ya ɗan huce, ka sauke. Sannan ka ɗauraye sau biyu, sai ka ga ruwa ya fito fari."

Na ce to.

Ya tsaya yana kallona, yana jiran in mayar masa da baƙa kamar yadda muka saba, in ce ina Bakano ya san ruwa ban da na sayarwa. Da ya ga ba ta zuwa sai ya cire buroshin daga baki, ya ce, "Allah ya ƙara haƙuri, ɗan'uwa." Ya tafi wankan Juma'a.

Na yi yadda ya ce. Na cika, na sa sabulu, na tayar, na zauna a kan jarka ina kallon inji yana kaɗawa. Na kashe, na jira har na iya riƙe tiyon da tsumma, na sauke. Wannan karon ruwan ya fito da kumfa da ɓarɓashin tsatsa, yana tururi. Na kai ganga. Na biyu ma na kai, na uku ma na kai. Kafin in gama gangar ta cika har baki, kumfa tana yawo a kai, ruwa yana tsiyaya ta ƙasa yana bin siminti. Na ma ji wani ɗan daɗi-daɗi, irin wanda na daɗe ban ji ba, cewa yau zogale ya sha ya ƙoshi kuma ko ɗigo ban ɓarnatar ba.

Sauran aikin na yi shi tsaf, ban taɓa yin sa da kyau haka ba. Na rufe ɗan famfon, na mayar da tiyo na ɗaure zobensa tamau. Na yanka gorar ruwa na yi mazurari da ita, na riƙa zuba koren ruwan a hankali, ina tsayawa ina matsa tiyon sama don iskar da ta maƙale ta fito. In aka bar iska a ciki, ruwa zai nuna ya cika alhali bai cika ba, sai ka yi nisa a hanya mota ta tona maka asiri. Na tayar da inji murfi a buɗe, na kunna hita, na tsaya ina kallon kumfar iska tana tasowa ɗaya-ɗaya. Da inji ya ɗau zafi hanyar ruwa ta buɗe, sai ruwan ya faɗa ƙasa, na ƙara. Fanka ta kama, ta tsaya, ta sake kamawa. Na rufe murfi, na cika ƙaramin tanki zuwa layinsa, na wanke hannu na tafi masallaci.

Da la'asar na kira gida. Na ce wa yarinyar 'ya'yan sun kai tsawon hannunta daga gwiwa zuwa yatsu, amma har yanzu kore ne, sai nan da kamar wata guda. Na ƙara da cewa yau ma ya sha ruwa sosai. Ta ce, "To Baba."

Motar kuwa ta warke. Asabar na je Samnu na dawo, allura tana tsakiya ko motsi ba ta yi.

Lahadi na ga ganyen ya yi laushi. Na ce zafi ne, na ƙara masa ruwa. Litinin bakin ganyen ya ƙone. Talata da na dawo daga kasuwa na tarar da siminti ya rufe da ganye rawaya, ga wani wari yana tashi daga gangar. Ina tsaye ina kallo sai ga tsohuwar da ke tuyar awara a bakin layinmu ta shigo da kwano a hannu. Mutuniyar wajen Tawa ce, ta fi kowa daɗewa a unguwar, ita ce aminiyar maiɗakina, ita ce ma ta yi mata wanka. Tun bayan rasuwar takan kawo mini abinci bayan kwana biyu, ta tsinki ganye kaɗan ta tafi. Inna nake ce mata.

Ta ajiye kwanon ba ta ko amsa gaisuwata ba. Ta tura yatsa cikin ƙasar, ta sansana.

"Ɗana, mi ka zuba mishi?"

Na ce ruwa ne.

"Wane ruwa?"

Na ce na mota, wanda na sauke ranar Juma'a. Na ce ai haka mai shi take yi duk shekara, ina gani.

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "Kana gani? Da idonka ka ga ta zuba shi nan?"

Na buɗe baki in ce e, sai na tuna abin da na gani ƙafafu ne.

"Taho," in ji ta. Ta zare sakatar ƙaramar ƙofa, muka fita. Bayan katangarmu wani fili ne da aka fara gini aka bari, ba kowa sai ledoji da awakin mutane. Ta yi gaba ina bin ta, har gindin wani rusasshen bango. A nan ta nuna mini wasu guntayen bulo guda huɗu da aka jera a kan yashi. Ta ture ɗaya da ƙafa. Yashin da ke ƙasa ya yi baƙi ya daskare.

"Nan take kawo shi. Ta tona rami, ta zuba, ta rufe, ta danne da bulo don kada awaki su tono. Ruwan ga dafi ne, ga shi da zaƙi, dabba na son shi. Shekarar farko wata kyanwa ta lashi bahon, kwana biyu ta mutu bayan ɗakinku. Tun ran nan ba ta yarda ya kwana cikin gida ba. Bahon ma sai ta wanke shi da toka kahin ta sa tufafin yarinya." Ta mayar da bulon inda yake. "Kuma ko ruwan sabulu ba ta ba iccen ga. Na alwala da na shinkafa kaɗai. Ba ta hwaɗa maka ba?"

Wataƙila ta faɗa. Mai yiwuwa ta faɗa ina ƙarƙashin mota ina neman sifana, na ce to. Daga inda nake tsaye na juya na dubi ƙaramar ƙofa. Da ɗan nisa, ga gangara, ga ƙusoshi da fasassun kwalabe, kuma bahon nan in ya cika ni ma sai na yi nishi nake ɗaga shi. Shekara shida tana wannan tafiya, baho bayan baho, ta dawo tana dariya, ni kuwa ina kwance ina ganin ni ne mai aiki. Kunya ce ta fara kama ni, ita ce abu na farko da na ji sosai a cikin wata biyar. Inna ta ce, "Rashin sani ya hi dare duhu. Mu koma mu ga abin da za a iya."

Washegari ban je kasuwa ba. Na kwashe ƙasar gangar da hannu, na zuba a buhu, na kai bayan katanga na binne kusa da bulonta. Saiwar ta yi laushi, in ka taɓa sai bawon ya saluɓe. Na wanke ta da ruwa mai kyau, na tafi Samnu da mota babu kaya na ɗauko sabuwar ƙasa, na mayar da shi. Inna ta ce a sari reshe biyu a dasa daban, tunda zogale yana kamawa daga reshe. Na sara, amma cikin reshen ya riga ya yi duhu. Muka dasa duk da haka. Na san ihu ne bayan hari, ina dai yi ne don hannuna ya sami abin yi.

Kwana goma rassan suka bushe ƙayau. Uwar itacen ta bi su. Na tsinke 'ya'yan da ke jiki na fasa ɗaya. Irin bai nuna ba, fari ne, da ka danna sai ya fashe da ruwa. Na shanya sauran a inuwa, suka motse suka zama ƙaiƙayi. Na zaɓi biyar da suka fi kama da iri na shuka a gwangwanin tumatir, ina ba su ruwan alwala safe da yamma. Ba abin da ya fito.

Juma'a biyu yarinyar ta tambaye ni, Juma'a biyu na ce yana nan. Ƙaryar ba ta yi mini nauyi a baki ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Wata safiya Inna ta kira ni ina wucewa ta gaban kaskonta. Ta kwance wani ƙulli ta zuba mini irin zogale a tafin hannu, busasshe, lafiyayye, mai fukafukai. Wani baƙo ne ya zo mata da shi daga gida don magani.

"Ka kai mata wanga. Zogale zogale ne. Yarinya ce, ina za ta sani? Kada ka ƙara mata wata mutuwar."

Na karɓa na yi godiya. Na sa shi a aljihun gaba, ya yi kwana shida a nan, ina zuwa Zighan da shi ina dawowa. Maganar Inna gaskiya ce, babu wanda zai sani. Za ta shuka, ya tsiro, ta riƙa nuna wa ƙawayenta tana cewa na Mama ne, ni kuma duk ranar da na ga itacen in san abin da na sani. Ranar Alhamis na mayar wa Inna kayanta. Ta karɓa, ta ƙara mini awara biyu.

Ranar Juma'a bayan an sauko na zauna a bakin gangar na kira. Kawun yarinyar ya ɗauka, muka gaisa, ya ƙwala mata kira. Ina jin takunta tana gudu.

"Baba, ina wuni? Ya zogale?"

Na ce, "Ya mutu. Ni na kashe shi."

Na ba ta labarin duka, ban rage ba: ruwan mota, sabulu, ramin da uwarta take tonawa a bayan katanga, da Juma'a biyun da na yi mata ƙarya. Ta cikin wayar ina jin ana daka a gidansu, wani zakara yana cara ba lokacinsa ba.

"Irin fa?"

"Bai nuna ba. Na shuka, bai fito ba."

Na shirya in ji kuka, na ma shirya abin da zan ce. Sai ta ce, a hankali, kamar mai tsoron kada a yi mata faɗa, "Baba, ni ba irin nike jira ba. Kai ka ce in sun bushe za ka taho. Shi ya sa nike tambaya."

Wata huɗu yarinyar nan tana auna zuwana da tsawon 'ya'yan itace, ni kuma ina ba ta labarin fure kamar mai ba da labarin kasuwa. Kuma a can cikin raina na san ko da sun bushe da na nemo wani dalilin, in ce sai an gama kankana, in ce sai zafi ya sauka, domin ban iya tunanin barin uwarta ita kaɗai a ƙasar mutane ba. Na zauna gadin wadda ba ta bukatata, na bar wadda take ƙirga Juma'o'i. Tausayinta ya kama ni.

"Baba, kana ji na?"

Na ce ina jin ta. Na ce zan taho.

"Wace rana?"

Na ce sai na sami wanda zan bar wa mota, sai na sallami masu lambu, sai na nemi ayarin da zan bi.

"Wace rana, Baba?"

Na lissafa da yatsu, na ce in Allah ya yarda Asabar ta uku daga yau zan bar Sabha. Na ji ta janye wayar daga kunne, ta ɗaga murya ta maimaita ranar da ƙarfi don kakarta ta ji.